WA ZAI BIYA FANSA?

Yau zan ɗan kauce daga zancen aure da zaman kishi da muka saba, in ja ku mu tafi can nesa, ƙasar Masar da daular Rum, shekaru kusan dubu ɗaya da ɗari bakwai da suka wuce. Abin da ya jawo haka kuwa wata 'yar hira ce. Ina da maƙwabciya Kirista, mutuniyar kirki, duk Kirsimeti sai ta aiko mana da cincin, mu ma ranar sallah mu aika mata da tuwo da nama. Ran nan tana yi mini kitso hira ta yi daɗi, sai na ce mata, "Maman yara, don Allah in tambaye ki, kada ki ji haushi. Mu muna girmama Annabi Isa Alaihis Salam, mun yarda an haife shi ba uba, mun yarda da mu'ujizojinsa. Ku me ya sa wannan bai ishe ku ba, sai kun ce Allah ne ya zama mutum?" Ta yi shiru jim kaɗan, tsinken kitso a hannu, sannan ta ce, "In ba haka ba ne, to ba a fanshe mu ba ke nan."

Wallahi amsar nan ta tsaya mini a rai. Ni dai aƙidata ba ɓoyayyiya ba ce, Isa bawan Allah ne kuma manzonsa, a kan haka na tashi, a kan haka nake. Amma na ga shekara da shekaru muna zaune katanga ɗaya da mutanen nan ban san me suke nufi da maganarsu ba, sai ji-ta-ji-ta. Da na shiga bincike kuwa, ashe amsar da ta ba ni a cikin numfashi ɗaya ita ce abin da manyan malamansu suka shafe shekaru fiye da ɗari suna faɗa a kai, har da kora da ɗauri da zubar da jini.

Mu fara da kalmar fansa, tunda mun san ta. A zamanin kakanninmu in an kama mutum a yaƙi aka bautar da shi, danginsa kan tara dukiya su je su fanso shi. Mai zuwa fansa sai ya cika abu biyu: ya zama yana da alaƙa da wanda aka kama, kuma ya zama yana da abin biya. To Kirista suna ganin duk 'yan Adam a kame suke. Sun ce tun saɓon Adamu, zunubi da mutuwa suka shiga jinin zuriyarsa kamar ciwon gado. A nan muka fara rabuwa da su, don mu a wurinmu Annabi Adamu ya tuba an yafe masa, kuma ba wanda ke ɗaukar laifin wani. Amma in kina son ki gane tunaninsu, sai ki tsaya inda suka tsaya ki yi tambayar da suka yi: in kowa a kame yake, wa ya rage a waje da zai zo ya biya?

Rigimar ta ɓarke a Iskandariyya, babban birnin Masar na bakin teku, wajejen shekarar 318. Akwai wani limamin coci mai suna Ariyus, asalinsa mutumin Libiya, dattijo dogo mai gudun duniya, mai daɗin baki, an ce mata masu ibada da yawa suna bin sa. Shi ya ce Allah ɗaya ne tak wanda ba shi da farko. Wanda suke kira Ɗa ko Kalma kuwa, halitta ce, ita ce ta farko kuma mafi girma, amma akwai lokacin da babu ita. Ariyus bai tsaya a wa'azi ba, sai ya mayar da koyarwarsa waƙoƙi, har matuƙan jirgin ruwa da masu niƙa da matafiya suna rerawa. Kin san abin da ya shiga waƙa ya gama gari. A nan bari in ja kunne, don na sha jin ana cewa wai Ariyus irin aƙidarmu yake da ita. Ba haka ba ne. Shi ma Ɗan Allah yake kiransa, ya yarda an gicciye shi, ya kuma ce ta hannunsa aka halicci duniya. Matsayinsa kawai ya sauke.

Shugaban cocin garin, bishop Iskandar, ya ƙi wannan magana ya kori Ariyus. A gefensa akwai wani saurayi ɗan hidimar coci mai suna Atanasiyus, wanda shi ne zai ɗauki faɗan nan a ka har ƙarshen ransa. Ya rubuta wani ɗan littafi a kan zaman Kalma mutum, wanda har yau Kirista ke karantawa, kuma in kika fahimci abin da ke cikinsa kin fahimci amsar maƙwabciyata.

Ga yadda ya jero hujjarsa. Allah ya gaya wa Adamu in ya saɓa zai mutu. Ya saɓa. To Allah ba ya tashin maganarsa, dole mutuwa ta tabbata. Amma kuma bai dace da alherinsa ba ya zuba ido abin da ya halitta da kamanninsa ya ruɓe ya koma babu. Sai ki ce, ai sai mutum ya tuba. Atanasiyus ya hango wannan tambaya. Ya ce da laifi ne kawai, da tuba ta wadatar, amma ɓarnar ta riga ta shiga cikin halittar mutum, tuba tana tsayar da saɓo ne, ba ta hana gawa ruɓewa. Sai dai wanda ya yi ginin tun farko ya dawo ya sake shi. Halitta kuwa, komai girmanta, ita ma aron rai aka ba ta, kuma wanda ke zaune a gidan aro ba ya ba wani kyautar ɗaki. Saboda haka, in ji shi, in Ariyus ya yi gaskiya, wanda ya zo ɗin ba shi da abin biya.

Sai ɗaya gefen. Allah ba ya mutuwa, alhali bashin da ake bin ɗan Adam mutuwa ce. Shi ya sa, a fahimtarsu, Kalma ya ɗauki jiki irin namu daga Budurwa Maryamu, jikin da zai iya yunwa da gajiya da mutuwa, ya miƙa shi a madadin kowa, sannan ya tashe shi, mutuwa ta karye daga ciki. Ya kawo misalai biyu da suka burge ni ko da ban bi shi a kan aƙidar ba. Na farko, in hoton mutum da aka zana a kan allo ya yi datti har ya shafe, ba a jefar da allon, sai a kira mai hoton ya dawo ya zauna a sake zana shi a kan allon nan dai. Na biyu, in babban sarki ya shigo gari ya sauka a gida ɗaya, ba gidan kaɗai ke samun daraja ba, duk garin ne, 'yan fashi ma sai su ja baya. Yana nufin shigar Kalma jiki ɗaya ta ɗaga darajar jikin ɗan Adam baki ɗaya.

Yanzu ga siyasa ta shigo. Kirista ba su daɗe da fita daga azaba ba, don a shekarar 303 Sarki Diyokletiyan ya sa aka rushe coci-coci aka ƙone littattafansu, sai a 313 aka ba su 'yancin addini. Da Sarki Kustantin ya haɗe daular duka a hannunsa a 324, sai ya tarar mutanen da yake fatan su haɗa masa kan ƙasa su ma kansu a rabe yake. Da farko ya rubuta wa Iskandar da Ariyus takarda yana cewa abin da suke musu a kai ƙaramin abu ne, su bar shi. Ina! Da ya ga ba ta kashe wutar ba, a shekarar 325 ya tara bishop-bishop wajen ɗari uku a garin Nikiya, wanda yau ake kira Iznik a ƙasar Turkiyya. An ce wasunsu sun zo da tabon azabar da aka yi musu, wani ba ido ɗaya, wani yana ɗingishi, ga su yau sarki na ciyar da su. Taron ya yanke cewa Ɗa zatinsa ɗaya ne da Uba, ba halittarsa aka yi ba, kuma saboda ceton mutane ya sauko ya ɗauki jiki. Bishop biyu kaɗai suka ƙi sa hannu, aka kore su tare da Ariyus.

Kada ki ɗauka an gama. Ba a daɗe ba iska ta juya, magoya bayan Ariyus suka samu shiga a fada. Atanasiyus, wanda ya zama bishop ɗin Iskandariyya a 328, aka kai ƙararsa cewa ya yi barazanar hana jiragen alkama tashi daga Masar zuwa babban birnin sarki. Kin san kowane mai mulki zai jure komai ban da a taɓa masa abincin birni. A 335 aka kore shi zuwa Tiriya, can cikin ƙasar Jamus ta yau. Sau biyar ana korarsa, sarakuna huɗu suka kore shi, kusan shekara 17 cikin 45 da ya yi a kan kujera a gudun hijira ya yi su, shida daga ciki yana ɓoye wurin masu zuhudu a saharar Masar. Shi ma fa ba kanwar lasa ba ne, an zarge shi da sa a daki abokan hamayyarsa, kuma masana tarihi ba su wanke shi tas ba. Ariyus ya mutu farat ɗaya a 336 ana jajibirin mayar da shi coci, Sarki Kustantin kuwa wani abokin Ariyus ne ya yi masa baftisma a 337 yana gab da mutuwa. Atanasiyus ya rasu a 373 bai ga ƙarshen faɗan ba.

Abin da ya ba ni dariya, musun bai tsaya ga malamai ba. Wani malaminsu, Giregori na Nisa, ya yi ƙorafin cewa a birnin Kustantiniyya, wato Istanbul ta yau, in ka nemi canji sai mai canji ya fara maka bayanin wa aka haifa wa ba a haifa ba, in ka tambayi kuɗin burodi sai mai burodi ya ce maka ai Uba ya fi Ɗa. Ki ƙaddara kin je cefane, kina neman tattasai na miya, mai tattasai ya tsare ki da muƙabala.

Da aka tabbatar da hukuncin Nikiya a wani taron a Kustantiniyya a 381, sai tambayar ta juye. To mun ji Allah ne, amma mutum ne sosai? Wani abokin Atanasiyus mai suna Afolinariyus ya ce jiki ne kawai Kalma ya ɗauka, hankalin ɗan Adam kuwa bai ɗauka ba, don hankali ne mafarin saɓo. Wani Giregorin kuma, na Naziyanzu, ya ba shi amsar da ta zama ginshiƙi a wurinsu: duk ɓangaren mutum da Almasihu bai ɗauka ba, to bai warkar da shi ba. Kamar rini ne, gefen zanen da bai shiga baba ba, fari zai fito. In hankali ne ya fara saɓo, ai shi ya fi bukatar magani. Kin ga ma'aunin dai ɗaya ne a kowane zagaye: in yadda ka faɗa ne, shin an fanshe mu ko ba a fanshe mu ba?

Inda labarin ya fi ja na shi ne inda ya iso kan uwa. Talakawan Kirista sun daɗe suna kiran Maryamu da wani laƙabi na Girkanci, Tiyotokos, wato wadda ta haifi Allah. A 428 aka naɗa wani mai wa'azi daga Antakiya, Nastoriyus, bishop ɗin Kustantiniyya, shi kuwa kalmar ta yi masa nauyi. Ya ce a ce dai wadda ta haifi Almasihu. An ruwaito ya ce shi ba zai iya kiran jaririn wata biyu ko uku Allah ba. Ke da kika yi goyo kika wanke kashin jariri, kin san abin da ya hango. Amma Kirilus, bishop ɗin Iskandariyya, ya ce nan ɗin ne fa zancen yake. In wanda Maryamu ta shayar daban ne da Kalma, to wanda ya mutu a kan gicciye ma wani mutum ne kawai da Allah ke tare da shi, an koma gidan jiya, fansa ba ta biyu ba.

Nastoriyus ya kuma yi kuskuren taka wata mace. Fulkeriya, yayar Sarki Tiyodosiyus na biyu, tun tana 'yar shekara goma sha huɗu zuwa sha biyar ta yi alwashin ba za ta yi aure ba, ta riƙe fada ta yi renon ƙanenta a kan mulki. Ana ba da labarin cewa Nastoriyus ya hana ta shiga keɓantaccen wurin coci da ta saba shiga, ya ce na malamai ne. Ba ta manta ba. Aka kira taro a garin Afisa a 431. Kirilus bai jira bishop-bishop ɗin Antakiya sun iso ba, ya buɗe taro, cikin yini ɗaya aka tuɓe Nastoriyus. Shi Kirilus da kansa ya rubuta cewa mutanen gari sun raka su masauki da fitilu cikin dare, mata na gaba da turaren wuta. Ya kuma aika wa 'yan fada dardumai da kujerun hauren giwa da zinariya mai yawa, jerin kayan yana nan har yau a tsofaffin takardu. Ni a ganina ko da gaskiya ce a hannunka, irin wannan tafiyar tana ɓata ta. Nastoriyus ya ƙare rayuwarsa a kore cikin saharar Masar, ƙasar abokin gabarsa.

Kusan shekara ashirin bayan haka, Fulkeriya ta auri wani jarumin soja mai suna Markiyan, da sharaɗin ba zai kusance ta ba, ya zama sarki, suka kira taro mafi girma a Kalsidon a 451, unguwar da yau ake kira Kadikoy a Istanbul. A nan aka ce Almasihu mutum ɗaya ne mai ɗabi'a biyu, ta Allahntaka da ta mutuntaka, ba su cakuɗe ba, ba su rabu ba. Rum da Kustantiniyya suka karɓa. Yawancin Masar suka ce a'a, cewa biyu ai Nastoriyus ne ya dawo ta taga, su dai ɗabi'a ɗaya suka sani, haɗaɗɗiya. Abin ya yi muni har a 457 jama'ar Iskandariyya suka kashe bishop ɗin da sarki ya naɗa musu. Daga nan Kibɗawan Masar da Armeniyawa da wani ɓangare na Siriya suka kama tasu hanya.

A nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Atanasiyus ɗin nan shi ya naɗa wa Habasha bishop ɗinta na farko, Furumentiyus, a zamanin Sarki Ezana na Aksum, kuma cocin Habasha ya ci gaba da karɓar shugabansa daga Masar har cikin ƙarni na ashirin, sai a 1959 ya samu cikakken 'yancin kansa. Don haka da Masar ta ƙi Kalsidon, Habasha ma ta ƙi. Har yau sunan cocinsu Tewahedo, wato haɗaɗɗe ya zama ɗaya, saiwarta ɗaya da kalmar tauhidi ta Larabci, sai dai su haɗuwar ɗabi'un Almasihu suke nufi. Waɗannan ne mutanen da sahabbai suka tarar lokacin hijirar Habasha wajejen 615. Kin tuna a Islamiyya an gaya mana Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta wa Najjashi Suratu Maryam har ya yi kuka, kuma da aka tambaye su me suke cewa game da Isa, Ja'afar ya ba da amsa, Najjashi ya yarda, manyan da ke kewaye da shi kuwa suka yi ta gunaguni. Da can ban san dalilin gunagunin ba. Yanzu na gane, an taɓa aƙidarsu game da Almasihu. Mariya Kibɗiyya ma, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah Sallallahu Alaihi Wasallam, daga cikin Kibɗawan Masar ɗin nan ta fito.

Saura tambaya ɗaya da na san tana ranki, don ni ma ta dame ni: fansar nan wa aka biya? Wasu malamansu na farko sun ce Shaiɗan, tunda shi ke riƙe da kamammun. Giregori na Naziyanzu ya ce abin kunya ne a ce ɗan fashi ya karɓi irin wannan lada. Can a 1098 wani babban bishop na Kantabari a Ingila, Ansalam, ya rubuta littafi musamman a kan dalilin da ya sa Allah ya zama mutum. Ya ce Shaiɗan ba ya bin kowa komai, haƙƙin Allah ne aka tauye. Mutum ne ya ci bashin, shi ya kamata ya biya, amma ba shi da shi, don duk biyayyar da zai yi dama can wajibinsa ce, ba a biyan tsohon bashi da kuɗin hayar wannan watan. Allah kaɗai ke da abin biya, amma ba shi ya ci ba. Sai wanda ya haɗa biyun. Kin ga mun dawo kan sharuɗɗan nan biyu na mai zuwa fansa, dangantaka da abin hannu. Wannan bayani na Ansalam shi ya fi tasiri a Turai, kuma da irinsa 'yan mishan suka iso ƙasarmu, inda aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932.

Rabuwar Kalsidon kuwa ta daɗe. Sai a 1973 Fafaroma Bulus na shida da Shenuda na uku, shugaban Kibɗawa, suka haɗu a Rum suka sa hannu a takarda cewa imaninsu game da Almasihu ɗaya ne, cikakken Allah kuma cikakken mutum, shekara 1,522 bayan taron. Duk da haka coci-cocin ba su koma ɗaya ba.

Da kitson ya tsufa na koma wurin maƙwabciyata, na zauna a kan tabarma na kwashe labarin nan kaf na faɗa mata. Ta ce ita ba ta taɓa jin sunan Ariyus ba, balle wata Fulkeriya. Da na ambaci Nikiya ne ta ce, "Af, wannan ai shi muke karantawa a tsaye ranar Lahadi, tun ina yarinya na haddace shi." Na ce, "To kin ga wahalar da aka sha kafin ya iso bakinki." Ta yi dariya ta dafa mini ƙeya ta ce, "Maman Abba, sunkuyar da kanki mana, saura layi biyu, ga shi yara sun kusa tasowa daga makaranta."